Iskar da Likita Ya Ce Tana Jikin Zuhura

Zuhura ba ƴar Diffa ba ce, gudu ya kawo ta. Ni sunana Kaltumi, ina da injin niƙa a bakin kasuwar tattasai, a wurin niƙan ne kuwa na san ta. Abin da zan faɗa, wani a gabana aka yi shi, wani ita ta ba ni labarinsa da bakinta.

Ubanta Bahaushe ne daga wajen Haɗeja. Ya biyo kogi yana sayen bandar kifi har ya zauna a wani ƙauye na bakin Komadugu, gabas da Diffa, ya auri Babarbariya. A nan aka haifi Zuhura, ta tashi da Hausar uba da Barbarcin uwa, duk wanda ka yi mata da shi za ta amsa maka. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa. A ƙauyensu an san ta da lafiyar jiki. Zazzaɓin damina yana kwantar da gida guda ya tsallake ta. Lauje ya taɓa tsage mata ƙafa har ana ganin fari, ta ɗaure da tsumma ta koma aiki, kafin kasuwa ta zagayo wurin ya haɗe. Tsofaffi suna cewa jininta mai kyau ne.

Ta auri Kalli, manomin tattasai, mutum marar yawan magana. Sun haifi ƴaƴa, biyu suka rasu suna ƙanana, mace ɗaya ta tsaya, Munira. Kalli ke kula da motopom da ke jawo ruwa daga kogi, ita kuwa tana bin hanyoyin ruwa da fartanya, ta buɗe wa wannan fangali ta toshe wancan. In tattasai ya nuna ta tsinke, ta shanya a kan rairayi har fili ya yi ja wur. Ta ce mini a shekarun nan ba ta taɓa tunanin akwai wani abu da za ta nema a birni ba, in ba atamfa ba.

A 2015 komai ya juye. Yaran daji masu bindiga suka fara ƙetaro kogi. Gwamnati ta hana hawa moto, wato babur, ta hana cinikin tattasai da kifi don an ce da kuɗinsu yaran ke sayen makami, takin zamani ma sai da izini. Daga baya aka ce mutanen bakin kogi su tashi. Su Zuhura suka dawo gefen kwalta, suka kafa rumfar leda cikin dubban mutane. Kalli ya bar tattasai a gona yana gab da nuna, abin ya hana shi sukuni. Ya riƙa komawa a ɓoye da amalanken jaki, ya tsinko abin da ya samu ya dawo. Wata tafiyar bai dawo ba. A gonar aka same shi tare da wasu manoma, an yanka su, an kwashe injinan ban ruwa.

Da buhunan da ya riga ya kawo Zuhura ta shigo Diffa, ita da Munira, suka sauka gidan Mahaman, wan Kalli. Mahaman dillali ne a kasuwar tattasai, mai fara'a a waje, kowa ya zo rumfarsa sai ya sha shayi. Ya ba su ɗaki kusa da turken awaki. Da ta gama takaba ya kira ta zaure ya ce yana son ya aure ta, don gonar ƙaninsa kada ta fita daga gida, ita ma ta samu inuwa. Ta durƙusa ta yi masa godiya, ta ce a wurinta shi uba ne, ba za ta iya ba. Gona kuma, in Allah ya kawo lafiya, ita da Munira za su koma su noma rabonsu. Mahaman ya yi dariya ya ce babu komai. Daga ranar in ta gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai.

Ba ta zauna jiran abincin agaji ba. Ta fara haɗa yaji, tattasai da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, tana ƙullawa a leda tana kai wa masu tsire da matan unguwa. Da safe za ta zo wurina da kwano a ka, ta zauna a kan benci muna hira injin yana ƙara. Buhunan Kalli ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya da aka sassauta doka, ban da guda. Shi ta ɗinke bakinsa ta jingine a kusurwar ɗaki, ta ce irin da za su shuka ne in an koma. Na ce mata iri ba ya daɗewa haka, ta ce ko kaɗan ne zai tsiro. Munira ta girma, wani tela mai suna Abbakar ya fito, aka kai goro, aka ce sai bayan babbar salla.

A farkon daminar 2018 Zuhura ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo, ba ta faɗa wa kowa ba. Mace ce da jikinta bai taɓa ba ta kunya ba, ta ɗauka zai baje. Kafin a yanke gero ya kai girman mangwaro. Wata rana da mutane suka ragu ta ja ni bayan injin ta ɗaga mayafi. Wurin ya yi tauri, ya yi sheƙi, jijiyoyi sun taso a kan fata sun kewaye shi kamar saiwa. Na ɗora hannu na ji ya fi sauran jikinta zafi. Na ce mata gobe ta tafi asibiti, yajin ya jira.

Likitan da ya duba ta saurayi ne, Abdulmumin, Bazabarme daga yamma. Hausarsa ta makaranta da kasuwa ce, yana magana yana laluben kalma. Ya yi mata eko, hoton da ke nuna cikin jiki, ya ɗebi ɗan nama da allura ya aika Yamai. Da sakamako ya dawo ya ce ta zo da wani babba na gida. Mahaman ya sa babbar riga ya raka ta.

Likita ya gaya musu kansa ce, wadda ake ce wa sankara. Ya ce a gaggauta a tafi Damagaram a yi operasiyo, wato tiyata, daga nan Yamai don magani, kuma kada a bari wata ya wuce. Zuhura ba ta yi kuka ba. Ta ce akwai abin da take son ta sani.

"Lokotoro, me yake ci? Ni ban ƙara abinci ba, shi kuwa kullum girma yake."

Ta ce mini sai ta ga fuskarsa ta saki, ashe a kan wannan ya yi karatunsa na ƙarshe, kuma babu majinyacin da ya taɓa tambayarsa. Ya jawo kujera kusa. Ya ce jikin kowane mutum yana yin wani abu ɗan kaɗan a bangon jijiyoyin jini, wanda ke sa su saki, su buɗe, jini ya wuce. Ba don shi ba da jini ya hau ya kashe mu duka. Da Faransanci sunansa monoksid dazot. Ba ruwa ba ne, ba gari ba ne, gaz ne. Mahaman ya tambaya ko irin gaz na butali, tukunyar da ake girki da ita. Likita ya ce a'a, ya tsaya yana neman kalma, ya kaɗa yatsu a sama.

"Iska," ya ce. "Wata iska ce da jiki yake yi da kansa."

Ya ci gaba da bayani. Masu bincike sun gano in wannan abu ya yi yawa ƙwarai, sojojin jiki suna ƙona ciwon da shi. Amma in kaɗan-kaɗan yake fita kullum, ciwon ne ke cin moriyarsa. Da shi yake jawo sababbin ƙananan jijiyoyi zuwa wurinsa, ya buɗe su, jini ya riƙa kawo masa abinci. Ta waɗannan jijiyoyin ne kuma ɓurɓushinsa ke ɓallewa ya tafi huhu ko ƙashi ko hanta ya kafa wani. Ya ce shi ya sa ta ga jijiyoyi sun taso, shi ya sa wurin yake da zafi. Har yanzu ba a samu tabbatacciyar hanyar juya abin yadda ake so ba, a nan ma ba su da na'urar auna shi, saboda haka maganin da ke hannu shi ne a cire tun bai yi nisa ba.

Zuhura ta ce wato ciwon ya fasa hanyar ruwa ne ya karkato da ita fangalinsa. Likita ya ce haka ne daidai. Ta sa ya maimaita mata sunan har ta riƙe. Da ta zo wurina da yamma ta bayyana mini duka, tsaf, har tana ɗan murmushi don ta gane abin da ke damunta. Ta ce za ta sayar da akuyarta da gadon ƙarfe ta tafi Damagaram.

Mahaman ya rako ta gida ya wuce. Washegari a rumfarsa, ana shan shayi, ya ba da labari cikin jimami. Ya ce matar ƙaninsa iska ce a jikinta, kuma ba boka ya faɗa ba, lokotoro ne da bakinsa. Ya ce ita ke yin iskar da kanta, tana ciyar da ita da jininta. Ya ce ku kun san masu karatun Nasara ba sa yarda da irin wannan, in har ɗayansu ya furta to abin ya kai.

Mahaman ya ji Hausa sarai, da ita yake dillanci. Yana zaune a ɗakin aka yi maganar jijiya da jini. Na sha tambayar kaina ko bai gane ba ne, amma mutumin da bai gane ba yakan koma ya tambaya.

Kafin Juma'a labari ya zagaye unguwa. Masu tsire suka daina karɓar yajinta. Mata suka fara ce mini in wanke injin in ta yi niƙa, wasu suka koma wani injin gaba ɗaya. Sai aka fara tune-tune. Wata ta ce dama mace ba ta zama haka babu ciwo sai da dalili. Wata ta tuna ƴaƴanta biyu da suka mutu. Har aka samu mai cewa manoma da yawa sun koma gona sun dawo lafiya, me ya sa mijinta ne bai dawo ba. Uwar Abbakar ta aiko a ce a dakata da maganar aure tukuna, daga baya aka ga an kai goronsa wani gida. Munira ta yini a ɗaki, ba ta ci ba ta sha ba.

Zuhura ta sayar da akuyar, ta je ta durƙusa gaban Mahaman ta ce tana neman izinin tafiya. Ya ce wa zai bar mace marar lafiya ta bi wannan hanya mai shingen sojoji ita kaɗai, shi da kansa zai kai ta, amma sai an fara gwada na gida. Ya karɓi kuɗin ya ce zai ajiye mata. Ya sa aka daina barin ta fita, wai don mutuncinta, tunda yara sun fara binta da waƙa.

Wanda ya kawo shi ne Ɗan Azumi, wanzami ne da ya zo cikin ƴan gudun hijira, ya ga aski ba ya ciyar da shi ya ƙara da aikin iskoki. Ya saurari Mahaman ya gyaɗa kai. Ya ce tunda da jini take ciyar da aljanin, hanya biyu ce, a hana shi abinci kuma a rage jinin. Aka hana Zuhura tuwo da nama da madara, sai tsinkakken koko sau ɗaya a yini. Ya ce kuma a yi mata hayaƙi da abin da ranta ya fi so, don a nan iskar ke fakewa. Mahaman ya shiga ɗakinta ya jawo buhun Kalli ya farke shi da wuƙa.

Da rana tsaka suke yi, bayan azahar. A zuba garwashi a kasko, a watsa tattasai a haɗa da barkono, a zaunar da ita a lulluɓe ta da bargo ita da kaskon, maza biyu su danne gefen bargon. Munira ce ta zo ta faɗa mini a guje, an kore ta daga tsakar gida don tana ihu. Na kashe injin na tafi. Tun daga bakin titi hayaƙin ke shaƙe mutum, ina jin tarin Zuhura ta bayan katanga, irin tarin da ba ya barin numfashi ya shiga. Mahaman ya tare ni a zaure, da ladabi.

"Hajiya Kaltumi, maganar gida ce. Mun gode da kulawa."

Na tafi wurin mai unguwa. Na same shi da mutane cike da ƙofa, masu neman wurin kafa rumfa, masu cigiyar ƴaƴansu. Ya ce ba zai shiga tsakanin mutum da iyalinsa a kan magani ba. Na tafi asibiti neman likitan, aka ce an tura shi da ayarin masu duba ƴan gudun hijira wajen Toumour, ba a san ranar dawowarsa ba.

In an ɗaga bargon, Ɗan Azumi yakan tsuguna ya tambayi iskar sunanta. Zuhura ta yi ta cewa ita ce, Zuhura, babu kowa. Ranar da ta gaji, idanunta sun kumbura ba ta gani, ta yi ƙoƙarin yi musu bayani yadda aka yi mata.

"Ba aljani ba ne. Sunansa monoksid dazot. Kowa yana da shi a jijiya. Yaya, kai ma kana da shi."

Ɗan Azumi ya miƙe ya ja da baya. Ya ce wa mutanen da ke wurin su shaida, aljanin ya faɗi sunansa, na Nasara ne, ga shi kuma yana barazanar komawa kan maigida. Aka ƙara garwashi. Yaran unguwa suka samu sunan, suka riƙa kiran Munira da shi in ta fito ɗiban ruwa.

Da buhun ya ƙare Ɗan Azumi bai ga canji ba, sai ya koma ga ƙaho. Ya tsattsaga kan ƙullutun da aska ya kafa. Jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ya jiƙa zani ya jiƙa tabarma. Ɗan Azumi ya danna toka da tsumma, ya ce baƙin jinin ne ke fita, ya tattara kayansa ya ce zai je ya samo wani ganye. Ba a sake ganinsa a unguwar ba. Matar da lauje ya tsage wa ƙafa ta warke a mako, wannan tsagar ba ta haɗe ba har abada. Ta buɗe, ta zama gyambo, ta fara wari.

Warin ne ya fitar da ita daga gidan. Iyalin Mahaman suka ce ba za su iya cin abinci ba. Ya sa aka mayar da ita rumfar awaki, ya gaya wa mutane shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har aljihunsa ya taɓa. Maganar Damagaram kuwa ya ce yanzu wace mota za ta ɗauke ta a haka. Da sanyi ya shigo, wata safiya Munira ta ari kurar ɗiban ruwa, ta shimfiɗa tabarma a ciki, ta ɗora uwarta ta turo ta har ƙofata. Babu wanda ya hana su fita. Da na ɗaga ta don in shigar da ita ɗaki, na ji kamar na ɗauki yarinya.

Na ba ta abinci, ta ci kaɗan ta amayar. Ta fara kukan baya, tana tari da jini-jini. Muna shirin neman mota sai muka ji likitan ya dawo, muka kai ta. Ya buɗe tsumman ya duba gyambon. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirji da na baya, ya ɗaga su a haske ya nuna mini fararen ɗigo a huhu, da wani wuri a ƙashin baya da ya cinye. Ya ce ciwon ya riga ya bazu, operasiyo ba za ta yi amfani ba yanzu. Ya tambaya me ya hana su zuwa Damagaram tun lokacin da ya faɗa.

Na gaya masa duka, tun daga rumfar shayi har ƙaho. Da na zo kan kalmar sai ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Zuhura ta miƙa hannu ta taɓa hannun rigarsa.

"Ni na gane abin da ka faɗa, lokotoro. Ka faɗa daidai."

Likita ya rubuta maganin rage zafi, mai ƙarfin babu shi a gari, sai wanda ake samu. Yakan biyo gidana in ya tashi aiki ya wanke gyambon da kansa. Wata rana ya ce in nuna masa rumfar Mahaman. Ya je ya tsaya a gaban mutane ya yi bayani, ya ce iskar da yake nufi irin wadda ake shaƙa ce, ba ta da alaƙa da aljanu, tana jikin duk wanda ke zaune a wurin. Mahaman ya sa aka ba shi kujera, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya saurare shi har ya gama.

"To ai kai ka faɗa, lokotoro. Ga shi yanzu ma ka sake faɗa. Ni ban ƙara komai ba."

Mutane suka gyaɗa kai. Wani ya ce yaron yana tsoron manyansa ne shi ya sa yake son janye magana. Likita ya ajiye kofin bai sha ba ya tafi.

Zuhura ta daɗe fiye da yadda ya zata, jikin nan nata ya ƙi sakin ta da wuri. Ƙafafunta suka mutu, sai mun juya ta. Hankalinta kuwa bai taɓa gushewa ba. In injin yana aiki takan gane daga ƙara ko gero ake niƙawa ko masara, ta kira Munira ta ce a sassauta dutse. Da zafin ya tashi takan cusa gefen zani a baki don kada masu niƙa su ji ta su ƙara samun abin faɗa. Ta yi wa Munira wasiyya kada ta koma gidan baffanta ko da an zo biko, kuma duk abin da ta ji a jikinta, komai ƙanƙantarsa, ta tafi asibiti ita kaɗai, kada ta nemi rakiyar kowa.

Da aka ji ta yi nisa, Mahaman ya zo da dattawa biyu, kamar yadda aka saba, a yafi juna. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya toshe hanci da gefen rawani, ya ce in akwai abin da ya yi mata a zaman tare ta yafe masa, shi ya yafe mata. Dattawan suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, suna jiran ta amsa. Ta buɗe ido ta dube shi sosai.

"Ban yafe ba, Yaya."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ta ji tsoron Allah, tana bakin kabari. Ta ce ta sani, shi ya sa ba za ta yi ƙarya ba. Suka fita. A waje na ji Mahaman yana ce musu kada su riƙe ta da laifi, ba ita ke magana ba.

Ta rasu da hantsi, ranar wata Talata, Munira tana ba ta ruwa da cokali. Na aika a gaya wa matan da ke wankan gawa a unguwa. Ɗaya ta ce ba ta da tsarki, ɗaya ta ce hannunta na ciwo, ta ukun ta faɗi gaskiya, ta ce an ce abin yana neman wurin komawa in mai shi ya mutu. Wata tsohuwa ƴar Damasak mai suna Aliya, da ke kwana a rumfa bayan gidana, ita ta ji ta taso. Ta ce ta wanke gawar da ta fi wannan lalacewa a hanyar gudu. Ni da ita da Munira muka yi mata wanka muka suturta ta.

A ƙofar Mahaman aka yi zaman makoki. Ya shimfiɗa tabarmi, ya sa aka dafa shinkafa, mutane suka yi ta zuwa suna yi masa ta'aziyya suna yaba yadda ya riƙe matar ƙaninsa. Munira tana gidana, waɗanda suka zo mata ba su cika tabarma ɗaya ba.

Da aka fara mayar da mutane ƙauyukansu, Mahaman ya sayi sabon motopom ya zuba ƴan ƙwadago a gonar Kalli. Munira ta aika a tambayi rabonta da na uwarta. Ya ce kogi ya yi ambaliya ya shafe iyakoki, amma ya ware mata wani yanki can sama wajen ƙaya, inda ruwa ba ya kaiwa. Ba ta je ta gani ba. Tana nan wurina, ita ke tayar da injin yanzu tunda hannuna ya fara rauni, ta kuma iya gyaransa fiye da ni. Ba ta yi aure ba. Masu niƙa sun dawo, ana hira da ita ana dariya, amma har yau akwai matan da ba sa miƙa mata kwano hannu da hannu, sai su ajiye a ƙasa ta sunkuya ta ɗauka.